Yayan matata ya karanta min aya a gaban ikilisiya

Baba Rabaran, salama a gare ka cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ina gaishe ka da iyali, da masu taya ka aiki a gidan rediyo. Ina roƙo kada a faɗi sunana, don rabin unguwarmu suna sauraron shirinka.

Ƙarfe biyu na dare nake rubuta wannan a waya, barci ya ƙi zuwa tun ranar Laraba. A taron addu'ar yamma abin ya faru. An zo lokacin kawo buƙatu, sai maman yara ta miƙe ta ce a taya maigidanta addu'a, Allah ya buɗe masa ƙofa. Ba ta shawarce ni ba, amma na haɗiye wannan. Sai yayanta, wanda yake cikin dattawan ikilisiya, ya ce kafin a durƙusa yana da aya guda. Ya buɗe Tasalonikawa ta biyu 3:10, inda Bulus ya ce wanda ya ƙi yin aiki kada ya ci abinci. Ya karanta sau biyu, a hankali, ya rufe littafin ya zauna. Bai kira sunana ba. Yana buƙata ne? Mutum nawa ne a taron, ba mu kai arba'in ba. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Wata tsohuwa a bayana har ta ce amin.

Baba, ni ba malalaci ba ne. Shekara tara ina kula da sito a wani kamfanin abincin kaji a nan Kaduna, ko buhu ɗaya bai taɓa ɓata a hannuna ba. Ina da babbar difloma a fannin akanta, na yi bautar ƙasa, takarduna a cike suke. Da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023, masara ta tashi, dizal ya tashi, masu kiwon kaji suka riƙa rufe gonakinsu ɗaya bayan ɗaya. Wa zai sayi abincin kaji babu kaji? A Maris na 2024 aka kira mu ofis aka sallame mu da albashin wata biyu. Gaskiya akwai takardar gargaɗi da aka taɓa ba ni kan makara, amma wannan lokacin ƙarancin takardun naira ne a farkon 2023, kowa a garin nan ya makara, ana kwana a layin banki. Ba ita ta jawo ba, ko da yake shi yayan nata haka yake gaya wa mutane.

Tun daga ranar babu inda ban kai takarda ba. Akwai wata ganawa da aka sa min a farkon Agusta 2024, sai zanga-zangar tsadar rayuwa ta ɓarke, aka sa dokar hana fita a Kaduna, da aka ɗage na je aka ce sun ɗauki wani. Daga Sabon Tasha zuwa cikin gari da dawowa, kuɗin mota kaɗai ya isa cefanen yini tun lokacin da litar mai ta haye naira 1,000 a 2024. Sau da yawa da ƙafa nake takawa har Barnawa.

Addu'a kuwa, Allah shi ne shaida. Azumin kwana 21 na Janairu na yi shi cikakke, ban sha ko ɗaya ba. Na kwana a majami'a. Zabura 37:25 na haddace ta, inda Dawuda yake cewa ya yi yaro ya tsufa bai taɓa ganin an yashe mai adalci ba, ko 'ya'yansa suna roƙon abinci. Ina karanta ta, ga 'yata ta fari an koro ta daga makaranta saboda kuɗin zango. To ni ba mai adalci ba ne ke nan? Ko Dawuda ne bai zo Kaduna ba? Ka gafarce ni Baba, abin da yake zuciyata ke nan.

Bari in koma baya kaɗan don ka gane dalilin da abin ya yi min ciwo haka. Mahaifina ma'aikacin masaƙa ne a Kakuri. Ina yaro, in an tashi aiki ba ka iya ratsa titi saboda kekunan ma'aikata. Da masaƙun suka fara rufewa a farkon shekarun 2000 aka ce su je gida za a neme su a ba su haƙƙinsu. Ya jira har ya rasu. Kullum asuba zai tashe mu, ya buɗe tsohon Littafi Mai Tsarki nasa mai baƙin bango, mu rera waƙa guda, ya karanta mana zancen tsuntsayen da ba sa shuka ba sa girbi a Matiyu 6. Mahaifiyata ce ta riƙe gidan da tuyar ƙosai, shi kuma yana zaune ƙarƙashin mangwaro da rediyo. Mutumin kirki ne, amma na ji abin da maƙwabta suke faɗa a kansa. Na yi wa kaina alkawari ba zan zama haka ba. Yau ga ni, albashin matata na koyarwa a makarantar kuɗi, naira 35,000, shi muke ci, hannu baka hannu ƙwarya.

Shi wannan yayan nata tun farko bai so auren ba. Yana da shagon kayan gini, yana da mota, in ya ba da baiko sai kowa ya ji ƙarar ambulan. Ya taɓa kawo mana rabin buhun shinkafa a Kirsimeti, kafin sabuwar shekara duk Zumuntar Mata sun sani. Kuma ayar da ya karanta ai ba ta ce wanda ya rasa aiki ba, ta ce wanda ya ƙi. Dattijo guda bai san bambancin ba?

To, akwai maganar gadi. Na san zai ce ita yake nufi. A watan jiya ya ce wani abokinsa yana neman mai gadin dare a wurin ajiyar siminti, naira 30,000 a wata. Ban ce na ƙi ba, cewa na yi zan yi addu'a a kai. Baba ka duba, mafi ƙarancin albashi da gwamnati ta sa hannu a kai a 2024 naira 70,000 ne, wannan ko rabi bai kai ba. Kuma yaran da na koya wa lissafin sito su zo ɗaukar siminti su same ni da tocila da sanda? In kuma aka kira ni ganawa da safe na kwana a tsaye fa? Matata ta ce Bulus ma ɗinkin tanti ya yi. Na ce mata Bulus ba shi da surukai. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Akwai abu ɗaya da ban faɗa ba, ban san yadda zan sa shi ba. Wani aboki ya kai ni wurin wani annabi a kan dutse a bayan gari. Ya dube ni ya ce an ɗaure takarduna a ƙauyenmu, sai na shuka iri mai zafi, wato in ba da kuɗi masu kauri, kafin kwana bakwai. Kuɗin adashin matata suna cikin gwangwani a ƙarƙashin akwati, naira 40,000, ta ajiye don kuɗin haya. Na ɗauka. Ba sata ba ce, niyyata in mayar da albashin farko, kuma ai don gidan na yi. Ya ba ni ƙaramar kwalbar man zaitun in shafa wa takarduna. Yanzu akwai tabon mai a jikin takardar shaidar bautar ƙasata, kwana bakwai sun zama wata biyu. Da ta gano ba ta yi faɗa ba, ta zauna a bakin gado ta yi kuka mara sauti. Ina zargin ta gaya wa yayanta, ita ta ce ba ta faɗa ba. In ba ta faɗa ba, daga ina ya sami ƙarfin halin nan?

Abin da na so in tambaya da farko shi ne ko in kai ƙararsa wurin fasto, ko in kwashe iyalina mu koma wata ikilisiya. Amma a nan aka yi min baftisma, a nan aka ɗaura mana aure, kuma na san ita ba za ta bi ni ba.

Gaskiyar magana, tun daga zancen dutsen nan ban sake yin addu'a ba. Ina tara yara da asuba kamar yadda mahaifina ya yi, ina motsa baki, suna cewa amin, ni kuwa ban faɗa wa kowa komai ba. In na rufe ido gwangwanin nan nake gani. Shekaranjiya autata mai shekara shida ta tambaye ni ko Allah ya ce sai yaushe. Na ce mata ta je ta yi wanka.

Ranar Lahadi mai zuwa akwai jibin Ubangiji, kuma yayan matata ne yake raba gurasa a layinmu. In karɓa daga hannunsa? In na zauna ban karɓa ba kowa zai gani, a ce ayar ta kama ni. Kuma an ce min har yanzu ba a ɗauki mai gadin ba. In na je yanzu, bayan abin da ya yi ranar Laraba, ai ya ci nasara ke nan a gaban mutane. Baba, in har zan je, akwai yadda zan yi ba ta hannunsa ba?

Ɗanka cikin Ubangiji,
daga Sabon Tasha, Kaduna.