Kafin a sayar da fili a sayi jirgin ruwa

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba mu ɗan fili mu yi magana a kan wata sha'awa da ta fara shiga zukatan matasanmu masu hali a nan Abuja: su sayi jirgin ruwa mai filafilai, irin wanda iska ke turawa, su tare a cikinsa, suna bin gaɓar teku daga wannan gari zuwa wancan. Bidiyon Turawa da ake gani a YouTube ne ya jawo. Sha'awar ba laifi ba ce, amma hangen Dala ba shiga birni ba. Wanda iyakar saninsa da ruwa shi ne zagayen tafkin Jabi ranar Lahadi, ya kamata ya ji lissafin tukuna.

A fara da ruwan sha. Jirgi mai tsawon mita 10 zuwa 12, wanda mutum biyu za su iya zama a ciki, tankinsa kan ɗauki wajen lita 300. Sha da girki da wanke-wanke da ɗan watsa ruwa, kowane mutum zai ci lita 15 a rana idan ya yi tsimi. Kwana goma ke nan tanki ya ƙafe. Sauƙin da Musulmi ya samu shi ne ruwan teku yana halatta alwala, kamar yadda ya zo a hadisi, don haka ba sai an taɓa tanki sau biyar a rana ba. Alƙibla kuwa sai an duba kamfas kowace salla, domin jirgin da ke kan anka, wato ƙarfen da ake jefawa ƙasan ruwa ya riƙe jirgi, juyawa yake yi da iska. Daga Legas tana arewa maso gabas.

Wuta ma haka. Batir mai bolt 12 ne ke riƙe da komai. Firij kaɗai a zafin ƙasarmu kan sha amp-awa (ma'aunin wutar batir) 50 a yini, in an haɗa fanka da fitilu da na'urorin tuƙi a kai 100. Batir irin na dalma kuma ba a shanye fiye da rabinsa, in ba haka ba ya mutu da wuri, saboda haka mai amp-awa 200 shi ne mafi ƙanƙanta. Sola mai wat 300 za ta mayar da abin da aka ci a rana mai haske, amma da hunturu ƙura na kwanciya a kanta, sai an riƙa gogewa kullum.

Abin da ya fi tayar mana da hankali shi ne gas na girki. Ya fi iska nauyi. A gida in ya yi yoyo, ka buɗe ƙofa ya fice. A jirgi kuwa gangarawa yake yi can ƙasan ciki, inda ba shi da mafita, ya taru shiru kusa da inji da wayoyin wuta. Tartsatsi ɗaya ya isa. Shi ya sa ake ajiye tukunyar gas ɗin a akwatinta na daban a waje, mai rami a gindi da ke zubarwa bayan jirgi, kuma ana kulle ta daga kanta duk lokacin da aka sauke tukunyar abinci.

Injin dizal da ke taimakon filafilai, da ruwan teku yake sanyaya kansa. Yana zuƙo ruwan ta wata ƙofa a ƙarƙashin jirgi, wata 'yar fankar roba ta tura shi. A ruwan Legas leda da ciyawa mai yawo irin kainuwa sun yi yawa. Leda ɗaya ta toshe ƙofar, fankar ta juya a bushe, cikin mintuna kaɗan haƙoranta su kakkarye, inji ya ɗau zafi. Alamar a fili take: da an tayar da inji a leƙa salansa, in ba ta tofar da ruwa, a kashe nan take. A rufe ƙofar ruwa, a wanke rariya, a buɗe murfin famfo a sa sabuwar fanka, sannan a ƙirga haƙoran tsohuwar. Duk wanda ya ɓace yana cikin bututu, kuma in ba a zaƙulo shi ba zai sake toshewa a gaba. A riƙa tafiya da fanka biyu a ajiye, da filtar mai aƙalla uku, domin dizal da ruwa ya shiga yana haifar da wani baƙin datti mai yauƙi a gindin tanki, wanda ba ya tashi sai igiyar ruwa ta girgiza jirgi, wato daidai lokacin da aka fi buƙatar inji.

Anka kuma ba nauyinta kaɗai ke riƙe jirgi ba, tsawon sarƙa ne ke sa ta kwanta ta ciji ƙasa. Ƙa'ida ita ce ninki biyar. In zurfi mita 4 ne, ruwa zai ƙaru da mita 1 idan teku ta ciko, goshin jirgi kuma ya ɗara ruwa da mita 1, jimla 6, sai a saki sarƙa mita 30. Daga nan a sa inji baya a hankali a ja. Ɗora tafin ƙafa a kan sarƙar: in tana karkarwa tana tsalle, ankar jan ƙasa take yi, a ɗago a sake.

Sai gaɓar tamu. Tsawonta ya kai kilomita 853, amma wuraren da ƙaramin jirgi zai fake ba su da yawa, kuma bakin kogunan Neja Delta cike suke da tudun yashi mai sauya wuri. Yawancin shekara iska daga kudu maso yamma take busowa, ruwan Mashigin Gini kuma gabas yake gudu. Saboda haka mai barin Legas zuwa Kwatano, tafiyar mil 60 na teku, iska da ruwa duk suna gabansa. Abin da taswira ta nuna awa 12 a gudun mil 5 a awa zai iya cinye yini da dare. Dawowa ce mai daɗi. A farkon damina da ƙarshenta guguwa kan taso daga gabas ba sallama. Da an hango baƙin hadari ya yi layi, a rage filafilai kafin iskar ta iso, don in ta iso ba mai iya tsayawa a saman jirgi. Daga Disamba zuwa Fabrairu kuma hazo ke rufe ido, ga kwale-kwalen masunta da tarunsu ba fitila. Rijiyoyin mai na teku doka ta hana a matso su ƙasa da mita 500.

Batun 'yan fashin teku ba a ɓoye yake ba. Ya ragu tun bayan da hukumar NIMASA mai kula da harkar jiragen ruwa ta ƙaddamar da shirin tsaron teku na Deep Blue a 2021, amma jirgin da ke tafiyar mil 5 a awa ba zai tsere wa kowa ba. A ganinmu, gabas da Legas ba wurin yawon shaƙatawa ba ne tukuna.

Ga gishiri yana cin ƙarfe dare da rana. Kowace shekara a fito da jirgi tudu, a kankare gansakuka, a shafa fentin ƙarƙashi, a sauya guntayen tutiya da ake ɗaura wa farfela domin su lalace a madadinta. Wayoyin ƙarfe da ke riƙe da sandar filafili, bayan shekara goma a sauya su ko da suna ƙyalli.

Shawararmu ga mai niyya, ya bar filinsa na Kubwa tukuna. Kulob ɗin masu jirage na Legas yana nan tun 1932, kuma masu jirgi kullum suna neman mai ja musu igiya. Ya shiga jirgin wani na damina ɗaya da rani ɗaya, ya koyi iyo, ya saba da rigar kariya da kiran tasha ta 16, ta neman agaji, a rediyon jirgi na VHF, ya kwana a kan anka a Tarkwa Bay da ke bakin tekun Legas ya ji yadda cikinsa zai yi.

Naka,
Wasu masu harkar jiragen ruwa,
Jabi, Abuja.