Godiya ga shagon da ya bar ni na gwada sukwaya kafin na biya

Assalamu alaikum Alhaji, kai da yaran shagonka da ke layin masu kayan aikin hannu a Kasuwar Ƙofar Ruwa, Kano.

Bayan gaisuwa da fatan alheri, na zaɓi in yi wannan godiya a bainar jama'a ne saboda yaba kyauta tukwici, kuma ina so 'yan'uwana kafintoci su san cewa har yanzu akwai shagon da ake sayar da kayan awo da sanin darajarsa. Ni kafinta ne, aikina ƙofofi da wadirof da firam. Sukwaya mai zamiya na zo nema, wato ma'aunin kusurwa da ake jan layin yanka da shi, irin wadda kanta ke tafiya a kan rula, a ɗaure shi da noti a inda ake so. Abu ne ƙarami a cikin akwatin aiki, amma kowane layi da zarto zai bi daga jikinta yake fitowa. Idan ta karkace, ƙwarewar hannu ba za ta ceci aikin ba.

A mafi yawan shaguna, kana taɓa leda za a ce maka in ka buɗe ka saya. Kai kuwa da kanka ka buɗe kwalin, ka sa yaronka ya jawo wani falanki mai miƙaƙƙen baki da kuke ajiyewa a ƙarƙashin kanta saboda wannan aikin, ka miƙo min fensir mai tsini ka ce in gwada. Na jingina kan sukwayar a bakin falankin na ja layi, na juya ta ta ɗaya gefen, na sake ja daga inda na fara. In sukwayar mai kyau ce, layukan biyu za su kwanta a kan juna kamar an ja sau ɗaya. Wadda ta karkace, za su rabu a can sama, kuma tazarar da ido zai gani ninki biyu ce ta karkatar da ke jikinta, shi ya sa wannan gwaji ba ya ɓoye komai. Wasu daga cikin kwalin sun faɗi gwajin a gabanmu. Ban ga ranka ya ɓaci ba, ba ka ce falankin ne da laifi ba. Ka ware su gefe ka ce wa yaron kada ya sake ɗora su a kanta, za a mayar wa dila. Wallahi wannan ya fi komai tsaya min a rai, domin asara ce ka ɗauka a gaban baƙon da ba ka san ko zai saya ba.

Wanda ba ya sana'ar zai ga kamar tsanani ne a tsaya kan layi mai kaurin gashi. To, karkatar digiri 1 kacal, a faɗin katako mai milimita 300, tana kai wa kusan milimita 5. Durowar da aka yanka da wannan ba za ta taɓa shiga ramin ta lafiya ba. A ɓangaren digiri 45 abin ya fi muni. Firam yana da kusurwa 4, kowace kusurwa yanka 2, wato yanka 8. In kowane yanka ya kauce da rabin digiri, a kusurwar ƙarshe za ka tarar da giɓin digiri 4 yana kallonka, sai cusa garin katako da gam, wanda kuma zai faɗo da zarar hunturu ya busar da itacen. Shi ya sa na ji daɗi da ka tuna min in gwada fuskar 45 ita ma, wadda masu saye da yawa ba sa ko dubawa.

Sai tsohuwar sukwayarka ƙirar kamfanin Starrett da ka ciro daga durowa a naɗe cikin tsumma mai mai. Ka ce ba ta sayarwa ba ce, da ita kake auna sauran. Na riƙe ta na ji nauyin kanta na ƙarfen zubi, na sassauta notin, rular ta zame ba gargada, na ɗaure ta tsaya cak, ko girgiza ba ta yi. Wanda ya ƙirƙiro wannan nau'in sukwaya, Laroy Starrett, ya yi hakan ne a Amurka a 1877, ya samu takardar mallakar fasahar a 1879, kuma a 1880 ya kafa kamfaninsa a garin Athol da ke jihar Masacusets. Da ka so, da ka kwaɗaita min irinta ka ce za ka yi min oda, ka ci riba mai kauri. Sai ka ce aikin katako bai kai buƙatar masu sassaƙa ƙarfe da inji tsanani ba, in sayi matsakaiciya wadda ta ci gwaji, in ƙara sauran kuɗin a kan kurfi mai kyau.

Yaronka babba ma ya cancanci yabo. Shi ya ce in goga farce a kan lambobin rula. In farce ya ji tsagi, an sassaƙa su ne a jikin ƙarfen, za su daɗe. In sumul ne, fenti ne kawai, gumi da ƙura za su cinye shi. Ya nuna min bambancin rula mai sheƙi da mai dishi-dishi, ya fito da su bakin ƙofa cikin rana, mai sheƙin ta kashe min ido, ɗayar kuwa na karanta ta ba wahala. Mu da rabin aikinmu a waje muke yi, a ƙarƙashin rumfa, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Shi ne kuma ya zaɓo min mai inci a gefe ɗaya da milimita a ɗaya gefen. Dalilinsa daidai ne: a 'Yan Katako na Na'ibawa da inci da ƙafa muke ciniki, tu-bai-fo da tu-bai-tu, amma kaurin allon da muke yin wadirof da shi da milimita ake faɗa, 18 ko 12.

Mai inci 12 na ɗauka. Ƙarin kawunan da ake sa wa rular, na nemo tsakiyar abu mai zagaye da na auna digiri, ka ce in bar su tunda ba na sassaƙa ƙafafun tebur masu zagaye, ranar da aikin ya zo suna nan. Ka kuma ce kada in dogara da ɗan ma'aunin ruwan da ke jikinta wajen kafa ƙofa, gajere ne, dogon ma'auni ne na wannan aikin.

Yanzu da ita nake auna zurfin ramin haɗi, da ita nake jan layi a tsawon falanki, in ɗaure rular a inda nake so, in sa fensir a bakinta in ja. Na rataya mata ƙusa tata ita kaɗai, na hana yara jefa ta cikin akwati tare da guduma. Ina share tsagin rular daga garin katako, da damina kuma ina shafa mata ɗan mai kamar yadda ka ce.

Ina da roƙo guda, Alhaji. In za ka sake yin sari, ka sa mana ƙananan masu inci 6, waɗanda ke shiga aljihu, domin aikin durowa da ƙananan haɗi sun fi daɗi da su. Yarana biyu sun kusa yaye, kuma a shagonka nake so su sayi sukwayarsu ta farko, su gwada ta a kan wannan falankin da hannunsu.

Allah ya yi wa kasuwa albarka, ya raya zuri'a, ya saka maka da yaranka da alheri.

Naka,
Wani kafinta daga Na'ibawa, Kano