Ku janye kalmar "cin hanci" da kuka liƙa wa Reggie Bush

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka.

Na saurari shirinku na wasanni na ranar Asabar daga farko har ƙarshe, kuma wallahi tun daga ranar raina a ɓace yake. Sau uku mai gabatarwa ya kira Reggie Bush, tsohon ɗan wasan zari-rugar Amurka na Jami'ar Kudancin California (USC), maciyin hanci, na ƙirga. Sannan ya ce mayar masa da kyautar Heisman (ta gwarzon ɗan wasan jami'o'i na shekara, wadda ya miƙa a 2010) da aka yi a watan Afrilun 2024 ɗaure wa maguɗi gindi ne. Abokin hirarsa ya ƙara gishiri, wai lamarin daidai yake da na 'yan wasanmu masu rage shekaru don su buga gasar 'yan ƙasa da 17. Suka yi ta dariya. Ni a cikin mota nake, sai da na gangara gefen titi na tsaya saboda zuciyata ta tafasa.

A Hausar da na tashi da ita a Zariya, hanci shi ne a ba alƙali ya karkatar da shari'a, ko a ba alƙalin wasa ya busa fenaritin ƙarya, ko a ba gola ya saki ƙwallo ta wuce. To wa Bush ya sayar wa wasa? Abin da aka same shi da shi, shi da iyayensa sun karɓi kuɗi da gidan zama ba haya a yankin San Diego daga hannun wasu mutum biyu da ke kwaɗayin zama dillalansa idan ya shiga gasar ƙwararru ta NFL. Ya taka dokar wancan lokacin, ban musa ba. Amma mai rage shekaru yana zuwa da ƙashin ƙato ya yi karo da yara, akwai wanda ya zalunta ƙiri-ƙiri. Gidan da mahaifiyar Bush ta kwana a ciki bai ƙara masa gudu ba a daren 2005 da ya ci yadi 513 shi kaɗai a kan jami'ar Fresno State.

Ban san wannan wasa na zari-ruga irin na Amurka daga rediyo ba, Malam Edita. A cikin gidana na san shi. Sama da shekara 25 ina zaune a Columbus ta jihar Ohio, mafi yawansu a bakin sitiyarin tasi. Ɗan farina ya buga wa wata jami'a a wata jihar, ba zan faɗi sunanta ba. Ranar da takardar tallafin karatunsa ta iso, mahaifiyarsa ta yi sujada a tsakar falo, muka dafa shinkafa muka raba a masallaci. Muna ganin ya tsallake.

A azumin 2011, wanda ya faɗo a watan Agusta daidai lokacin atisayen share fagen kaka, yaron nan yana fita fili sau biyu a rana da hular kwano da sulken kafaɗa a cikin rana mai dafa mutum, kuma bai sha azumi ko ɗaya ba. Kafin a sha ruwa an rufe ɗakin cin abincin 'yan wasa. Wani likita Musulmi a garin, mutumin kirki, shi ya riƙa kiransa gidansa shan ruwa tare da sauran ɗalibai Musulmi. Bayan 'yan watanni ciwon zuciya ya kayar da ni, aka shiga da ni tiyata cikin dare. Yaron ba shi da kuɗin jirgi, ni kuma ina kwance ban san inda kaina yake ba. Likitan nan ya zaro katinsa ya yanka masa tikitin dala ɗari huɗu da 'yan kai, ya ce tafi ka ga mahaifinka. Da na farfaɗo, fuskarsa na fara gani a bakin gado.

Kun san abin da ya biyo baya? Ashe likitan yana ba sashen wasannin makarantar gudummawa duk shekara, don haka a takarda shi attajirin magoyin baya ne, kuma haramun ne ɗan wasa ya karɓi ko sisi daga irinsa. Aka kira yaron ofis kamar wanda ya yi sata. Aka sa ya rubuta bayani, aka karɓi wayarsa aka duba saƙonni, aka dakatar da shi wasa biyu, aka ce sai ya biya kuɗin tikitin ga wata ƙungiyar agaji kafin ya sake sa riga. Mahaifiyarsa ce ta sayar da warwaron da ta zo da shi daga gida muka biya. Jaridar garin ta rubuta cewa ya karɓi "alfarmar da ba ta halatta ba", kuma har yau idan aka buga sunansa a intanet wannan labarin ne yake fara fitowa. A ma'aunin mai gabatar da shirinku, ɗana maciyin hanci ne saboda ya zo duba ubansa a asibiti.

A kakar da ta biyo baya jijiyar gwiwarsa ta tsinke. A lokacin shekara-shekara ake sabunta tallafin karatu, sabon koci ya zo ya ce ba ya cikin tsarinsa. An ci moriyar ganga an yar da kwaurenta. Ya dawo gida yana ɗingishi, ya ƙarasa karatunsa da daddare, da rana yana lodin kaya a sito. Kocin da ya ɗauko shi kuwa tuni ya koma wata makarantar da ta fi biya, babu wanda ya dakatar da shi ko na minti ɗaya.

Shi ya sa na ce ku binciki wanda hukunci yake faɗa wa kafin ku yi dariya. A watan Yunin 2010 hukumar NCAA, mai kula da wasannin jami'o'in Amurka, ta yanke wa jami'ar USC hukunci a kan lamarin Bush: aka hana ta wasannin ƙarshen kaka na shekara biyu, aka zaftare mata guraben tallafin karatu 30, aka soke nasarorinta, daga baya aka ƙwace kambun 2004. Yaran da suka ɗanɗana wannan hukunci, da yawansu ba su ma shiga babbar sakandare ba lokacin da abin ya faru. Guraben nan 30 kuwa yara 30 ne da ba su samu karatu kyauta a can ba. Kocinsu Pete Carroll ya riga ya tattara nasa-ya-nasa tun watan Janairun shekarar ya koma ƙungiyar Seattle Seahawks ta NFL a kan miliyoyin daloli. Shi Bush ya miƙa kyautarsa a watan Satumba, aka cire hotunansa daga makarantar, aka hana shi raɓarta tsawon shekara goma. Me ya sa shirinku bai ambaci ko ɗaya daga cikin waɗannan ba?

Wanda ya shugabanci kwamitin da ya yanke wannan hukunci, Paul Dee, shi ne daraktan wasannin jami'ar Miami daga 1993 zuwa 2008. A 2011 sai ga wani attajirin magoyin bayan Miami, Nevin Shapiro, daga gidan yari inda yake zaman shekara 20 kan damfara, yana tona cewa ya daɗe yana yi wa 'yan wasan makarantar ruwan kuɗi da shagali, galibi a shekarun da Dee yake riƙe da ofishin. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Na nan garinmu ma na gan shi da idona. Duk Asabar ɗin da jami'ar Ohio State ke wasa a gida, mutum sama da dubu ɗari ke cika filin, kuma ni da abokan sana'ata muke jigilarsu. Otal ya ci, mai sayar da riga ya ci, gidan talabijin ya ci, ni kaina direban tasi na ci. A watan Disambar 2010 aka dakatar da yara biyar, ciki har da Terrelle Pryor, wasa biyar-biyar, saboda sun sayar da zobbansu na nasara da rigunansu da lambobin yabonsu, wasu kuma an yi musu rangwame a shagon zanen jiki. Kayansu ne, da guminsu suka same su. Amma sai aka ce dakatarwar ta jira kaka mai zuwa, su fara buga wasan Sugar Bowl na watan Janairun 2011 tukuna. Don Allah, idan laifin ya kai a hana yaro wasa biyar, me ya sa bai kai a hana shi wasan da ake kwasar kuɗi a cikinsa ba? Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi, shi ke nan. Kocinsu Jim Tressel, wanda ya san da maganar tun da wuri ya ɓoye, ya ajiye aiki a watan Mayun 2011. Daga baya ya zama shugaban jami'ar Youngstown State, kuma a 2025 ya zama mataimakin gwamnan jihar Ohio. Ba na yi masa hassada. Ina tambaya ne, me ya sa babba yake samun damar wanke sunansa, yaro kuwa tabon ya bi shi har tsufa?

Haka aka yi wa A.J. Green na jami'ar Georgia a 2010, wasa huɗu saboda ya sayar da rigarsa dala 1,000. Haka Todd Gurley a 2014, wasa huɗu saboda ya karɓi sama da dala 3,000 a kan sa hannunsa da ya yi a jikin kayan tunawa. Sunan mutum, hannun mutum, amma ba shi da ikon sayarwa, alhali shagon makaranta yana sayar da riga mai lambarsa.

Idan kuna neman inda manya suka tsoma hannu dumu-dumu, ga jami'ar SMU ta jihar Texas. A 1987 an soke mata kaka guda cur saboda asusun ɓoye da ake biyan 'yan wasa daga ciki, kuma gwamnan jihar na lokacin, Bill Clements, da bakinsa ya amsa cewa yana cikin waɗanda suka amince a ci gaba da biyan lokacin da yake shugabantar hukumar gudanarwar makarantar. Ya ƙarasa wa'adinsa na gwamna lafiya lau.

Abin da ya fi ba ni takaici, mai gabatarwa ya yi magana kamar har yanzu muna 2005. A watan Yunin 2021 Kotun Ƙolin Amurka, alƙalai tara babu wanda ya saɓa, ta kayar da NCAA a shari'ar Alston, har Mai Shari'a Kavanaugh ya rubuta cewa hukumar ba ta fi ƙarfin doka ba. Daga 1 ga Yulin shekarar aka halatta wa ɗaliban cin kuɗi da sunansu da hotonsu. A watan Yunin 2025 kotu ta amince da sulhun da za a biya tsofaffin 'yan wasa diyyar kusan dala biliyan 2.8, kuma aka ba makarantu damar raba wa 'yan wasansu kuɗi kai tsaye daga aljihunsu, har kusan dala miliyan 20.5 kowace makaranta a shekarar farko. Wato su kansu masu dokar sun sauka daga kanta. Ku kaɗai kuka rage kuna jifan yaran da ita. Ni a ganina mayar wa Bush kyautarsa bayan shekara 14 ihu ne bayan hari, kuma yaran Ohio State sun roƙa a 2021 a mayar musu da nasarorinsu na 2010 da aka soke, ba a mayar ba. Ɗana kuwa babu wanda ya taɓa bugo waya ya ce masa yi haƙuri.

Akwai iyaye a Kano da Maradi da Kumasi da ke sauraronku, waɗanda ke mafarkin ɗansu mai tsayi da ƙira ya samu tallafin karatu ta hanyar wasa a nan. Da kun yi musu bayanin cewa ɗalibin da ya shigo da bizar karatu ba ya iya cin wannan sabon kuɗin cikin sauƙi kamar ɗan ƙasa, saboda bizar ta taƙaita masa aiki, da kun amfane su fiye da dariyar da kuka yi. Da kun gaya musu su tambayi wa zai biya kuɗin asibiti idan gwiwa ta tafi, kuma tallafin na shekara nawa ne a rubuce. Ni babu wanda ya gaya mini.

Ina neman mai gabatarwa ya janye kalmar a shirin mako mai zuwa, da bakinsa, a daidai inda ya faɗe ta. Idan yana son wanda zai yi masa bayani, ɗana ya ce a shirye yake a kira shi, kuma yana jin Hausa tsaf.

Sai wata magana. Tun bayan Babbar Sallah, shirin da kuke ɗorawa a shafinku yana yankewa kafin ya ƙare, wani lokaci minti biyar na ƙarshe babu su gaba ɗaya, kuma a nan ne kuke karanta sakamakon gasar gida. Mu da muke nesa, lokacin da kuke watsa shi kai tsaye muna bakin aiki ko muna barci, da na shafin muka dogara. Sau biyu na aika saƙo ta lambar da kuke bayarwa, ba amsa. Kuma wata uku ke nan ban ji kun ce uffan a kan dambe ko kokawa ba, kullum Firimiyar Ingila. A duba mana.

Na gode, Allah ya taimaka.

Naku,
Mai sauraronku na kullum,
Columbus, jihar Ohio, Amurka