Koken Mazauna Bakin Kwari Kan Ma'aunin Ruwan Sama

Zuwa ga Mai Martaba Sarkin Gombe, ta hannun hakiminmu.

Allah ya ja zamanin Sarki. Bayan gaisuwa da biyayya, mu talakawanka mazauna bakin kwari mun kawo kuka ɗaya: a taimaka a kafa mana ma'aunan ruwan sama a unguwanni.

Ranka ya daɗe, a watan Agustan bara ruwa ya haura kan kwalbatin da aka gina mana, wanda bai fi shekara uku ba. Da gari ya waye muka iske ledoji da dattin bola da ruwan masai sun cika rijiyar da muke sha, guga na fitowa baƙi ƙirin. Sati biyu muna sayen ruwa a hannun 'yan garuwa.

Wani ɗanmu injiniya ya warware mana abin. Kafin a yanke faɗin kwalbati, sai an ba kwamfuta adadin ruwan da ake samu, ta lissafa yawan da zai gangaro da dattin da zai kwaso. Ruwan sama milimita 1 a kan hekta 1 lita 10,000 ne. Milimita 50 da ta sauka a hankali cikin kwana biyu, ƙasa za ta shanye kaso mai yawa. In kuwa cikin awa ɗaya ta tsuge, sai ta bi titi da kwari da ƙarfi, ta ci ƙasa, ta tafi da taki da shara. Littafin awon ruwan sama da jimillar yini kawai aka rubuta a ciki, ko aka tsallake wasu ranaku, ba zai nuna wannan ƙarfin ba. Ga shi kowa ya sani, sai a yi kamar da bakin ƙwarya a Tumfure, a Bolari ko yayyafi babu. Ma'auni ɗaya daga nesa ba zai wakilci gari duka ba.

Dattawanmu ba su manta ambaliyar 2004 ba.

Muna roƙon Sarki ya isar da buƙatarmu ga gwamnatin jiha da hukumar kula da yanayi ta ƙasa, wato NiMet, a sa ma'aunai masu ɗaukar bayani awa-awa a makarantu da gidajen masu unguwanni, musamman can tudu inda ruwan ke tasowa. A koya wa matasanmu karanta su, gadinsu kuma mun ɗauka. Duk mai aikin magudana a sa shi ya duba waɗannan alƙaluma tun kafin ya zuba siminti.

Allah ya taimaki Sarki, ya ƙara masa lafiya.

Talakawanka,
Mazauna bakin kwari, Gombe.