Tambayar da ta raba mu a majalisa: wane gida ya fi a Skyrim?

Assalamu alaikum Malam Edita, da fatan aiki na tafiya lafiya, Allah ya ƙara basira. Nasan wasiƙun da kuka saba bugawa na siyasa ne da tsadar rayuwa da matsalar taki, to ni yau da maganar gem nazo, a yi haƙuri a ɗan bani fili, domin matasa da yawa masu karanta jaridar nan suna buga gem a laftof, kuma gardama ce ta kaure a majalisarmu kusan sati biyu kenan taƙi ƙarewa.

Gem ɗin shine Skyrim, na kamfanin Bethesda wanda ya fito ranar 11 ga Nuwamba 2011, tsohon gem ne amma har yau bai gundure mu ba, kuma ko laftof ɗinka ba mai ƙarfi bace zata iya jan sigarsa ta farko. Gardamar kuwa akan gida ce, wane gida yafi dacewa mutum ya mallaka a ciki. Wani abokina ya kafe akan Proudspire Manor na birnin Solitude, hujjarsa wai shine mafi tsada, zinare 25,000 na kuɗin cikin gem, hawa uku, unguwar manya. Ni kuma nace a'a, Breezehome na Whiterun da ake saida shi 5,000 ya fishi amfani nesa ba kusa ba, aka yi ta min dariya wai na zaɓi ɗakin haya na bar gidan sama.

Bari na faɗi dalilina. Wanda bai taɓa bugawa ba zai ce me ruwan mayaƙi mai kashe diragon da gida, to amsar ita ce kaya. Nauyin da zaka iya ɗauka a farko 300 ne kacal, ƙashin diragon guda ɗaya nauyinsa 15, ɓawon jikinsa kuma 10, ka kashe biyu uku ka shiga kogo ɗaya ka kwaso sulke da takubba shikenan ka cika, ba gudu sai tafiyar hawainiya. Kuma in ka kuskura ka zuba kayanka a wata ganga a bakin titi ko akwatin da ba naka ba, bayan ƴan kwanaki gem ɗin zai iya sabunta wajen kazo ka tarar wayam. Ni ya faru dani, duwatsu masu daraja na tara na ajiye a ganga, na dawo babu ko ɗaya, ranar ko abincin dare banci da daɗi ba wallahi. Akwatin gidanka ne kawai amintacce. Sai kuma barci, in ka kwana a gadonka kana tashi da ƙarin kaso 10 cikin ɗari wajen saurin koyon sana'o'i, in da aure ka kwana a gidan da iyalinka suke ya koma 15.

To tunda amfanin gida ajiya ne da shiga da fita, sai a tambaya sau nawa zaka je gidan, kuma me ke kusa dashi. Anan Breezehome ya kada kowa. Kana shiga ƙofar Whiterun maƙerar Adrianne ce a hannun dama, gini na gaba gidanka ne, ba hawa ba sauka. Ka narka ƙarfe, kayi ƙira, ka wasa takobi, ka jefa saura a akwati, ka ɗan taka gaba kaɗan ga kasuwa, shagon Belethor mai sayen komai da na Arcadia mai magunguna. Ga Whiterun a tsakiyar taswira take. Kuma tun farkon labari kake samun izinin saye, da zarar ka kawo wa sarki Balgruuf da bokansa Farengar wani allon dutse da suka aike ka ɗaukowa daga tsohuwar makabartar Bleak Falls Barrow sai kawai ka nemi wakilinsa Proventus ka biya. Lokacin da kafi buƙatar gida kenan, lokacin da kake talaka. Shi Proudspire kafin ka tara 25,000 ka gama aiken sarauniyar Solitude Elisif da na wakilinta Falk, sannan ka sake zuba wasu dubbai wajen kayan ɗaki, ai ka riga ka wuce wajen, kuɗin ma sun daina yi maka amfani.

Ba zan ɓoye ba Breezehome nada aibi. Ƙarami ne, in ka kashe diragon na farko aka naɗa ka sarauta a Whiterun aka baka Lydia a matsayin dogariya zaka ga tana zaune a kujera a ɗakin barcinka tana cin burodi kamar ita ta biya kuɗin gidan. Babban aibin kuma babu teburin da ake sa wa makamai sihiri, dole sai ka hau har fadar Dragonsreach kayi amfani da na Farengar. Sannan in kana son ɗaukar marayu, kamar Lucia yarinyar nan mai bara a gindin bishiyar tsakiyar gari, sai ka sadaukar da ɗakin haɗa magani ya koma ɗakin yara, ba zaka samu biyun ba. Wannan kam ya min ciwo.

Sauran gidajen birni fa? Vlindrel Hall na Markarth 8,000, yanada kyau da faɗi amma matakalar da zaka hau kafin ka kai sai kace Dutsen Dala, ni garin ma gaba ɗaya baya min. Hjerim na Windhelm 12,000 wajen jera makamai babu kamarsa, sai dai gidan da wani makashi yake yanka mutane a ɓoyayyen ɗaki ne, kazo kace na kawo yara nan? Ga sanyi ga rikicin yaƙin basasa da ke tsaya maka kafin a sayar maka. Wanda nake girmamawa a cikinsu shine Honeyside na Riften, domin yanada teburin sihiri da na magani a ɗakin ƙasa, ga ƙofar baya da take fitar da kai bakin tafki ba sai ka ratsa gari ba. Da ace Riften ba a can lungun taswira take ba da na sake tunani.

Sai kuma ɓangaren ƙanina, shi yace duk mun yi kuskure, gidan da ka gina da hannunka shine gida. Yana nufin Hearthfire, wani ƙari da aka yi wa gem ɗin a 2012, inda zaka sayi fili 5,000 a ɗaya daga wurare uku, Lakeview a yankin Falkreath, Windstad a fadamar Morthal, ko Heljarchen a ƙasar Dawnstar. Gaskiya nima Lakeview ya taɓa ruɗa ni, ga daji ga tafkin Ilinalta a gabanka ga amyar zuma. Na shiga gini kuwa, na haƙo laka na fasa dutse, katako kuma 20 akan 200 a injin Half-Moon wajen wata mata da sai daga baya na gane mai shan jini ce, ƙusa da hinji da makulli duk sai ka ƙera da kanka, ƙarfen da ginin nan ke ci kamar ba gobe. Duk wanda ya taɓa tsayawa akan gini a zahiri yasan yadda abin yake, kullum saura kaɗan. Wata rana ma na kusa gama babban falo aka ɗauke wuta batir ɗina kuma matacce ne, banyi sebin ba, wato ban adana inda na kai ba, aikin awa biyu ya tafi.

Bayan duk wannan wahala me na samu? Na sayi saniya 200 da kaji, na dawo daga tafiya na tarar da wani basamude da kulki ya kashe saniyar. Ƴan fashi suna da maɓoya a Pinewatch nan kusa, kerkeci na yawo, a ƙasan gidan kuma ga wani matsafi da bagadinsa yana wasa da gawa. Ga babu kasuwa, duk abinda ka kwaso sai ka koma gari ka sayar. Eh zaka iya haɗa komai a ciki, maƙera a ɗakin ƙasa, hasumiyar sihiri, ɗakin ajiye makamai, lambu, amma ɓangarori uku kawai zaka ƙara kuma in ka zaɓa ka zaɓa kenan ba canji. Gida ne na wanda ya gama yaƙi yana son hutu, ƙanina yana can yana kiwon ƙudan zuma har yanzu bai je ya gamu da Alduin, babban diragon na labarin, ba.

Wani a majalisar ya kawo Severin Manor na Raven Rock a tsibirin Solstheim, kyauta ake baka in ka tona asirin masu shirin kashe shugaban garin, kuma yazo da maƙera da tebura duka a shirye. Wannan hujja ce mai ƙarfi na yarda, amma wani tsibiri ne daban can ƙetaren ruwa, toka ko ina, wa zai dinga tsallaka teku don ya ajiye ƙashi biyu.

Saboda haka Malam Edita matsayina bai canza ba, sabon ɗan wasa ya tara 5,000 ɗinsa ya sayi Breezehome, kar ya kashe su akan doki tukuna, in kuɗi sun zauna daga baya ya gina Lakeview don nishaɗi. Abokina mai Proudspire kuwa na leƙa gem ɗinsa ranar Asabar, duk ƙasusuwan diragon ɗinsa a akwatin Breezehome suke, na tambaye shi dalili yace wai na wucin gadi ne. Ina roƙon ku buɗe mana ɗan shafi na gem ko sau ɗaya a wata, masu Hjerim su ma su zo su kare kansu.

Naku mai karatu a kullum,
daga Tudun Wada, Zariya