Binciken sauyin yanayi na buƙatar kuɗi mai ɗorewa

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a jaridarka mai albarka domin in yi tsokaci kan yadda ake kashe kuɗi a kan matsalar sauyin yanayi a Arewacin Najeriya.

Na daɗe ina aikin malamin gona a kwarin Haɗejiya. A farkon aikina akwai ma'aunin ruwan sama a harabar ofishinmu, kuma duk safiyar da aka kwana ana ruwa, wani ma'aikaci yakan juye abin da ya taru a cikin kwalba mai zane, ya rubuta adadinsa a wani babban littafi. Kafin in bar aiki mazurarin ya yi tsatsa, gara ta cinye rabin littafin, domin an daina ware ko sisin kwabo don wannan hidima. Yau kuwa manomi yana tambayarmu ko ya shuka da ruwan farko ko ya dakata, alhali ba mu da lissafin ruwan garinsa na shekara ashirin da za mu duba mu ba shi amsa.

Ambaliyar 2022 ta hallaka mutane fiye da 600 a ƙasar nan, kuma Jigawa na cikin jihohin da suka fi ɗanɗana kuɗarsu. A watan Satumban 2024 madatsar Alau ta ɓalle, ruwa ya mamaye Maiduguri. Kowane karo an tara kuɗin agaji an raba shinkafa da tabarmi, kuma babu mai ƙin wannan. Sai dai wanda yake son ya san yadda ruwan da ake saki daga madatsun Tiga da Challawa yake haɗuwa da mamakon damina, da yadda ciyawar kachala take toshe hanyoyin ruwa har ya koma gonaki da gidaje, dole ne ya yi shekaru yana awo a bakin kogi, yana biyan ma'aikata da man mota da kuɗin gyaran na'ura.

Mun riga mun ga amfanin irin wannan haƙuri. Bayan cutar da ta naƙasa gyaɗa a 1975, masana a Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru sun samar da nau'o'in gyaɗa na SAMNUT masu jure mata, haka kuma geron SOSAT mai saurin nuna ya shiga hannun manomanmu ta Cibiyar Binciken Tafkin Chadi da ke Maiduguri. Samar da sabon iri guda yakan ci kusan shekara goma, amma yawancin tallafin da ake samu daga ƙasashen waje shekara uku ne zuwa biyar, kuma mai bayarwa shi ne yake zaɓen tambayar da za a bincika. Da zarar wa'adi ya cika sai a rufe ofis, ɗaliban da aka horar su watse.

Dokar sauyin yanayi ta 2021 ta tanadi asusu na musamman, ga kuma ACReSAL, shirin farfaɗo da ƙasar noma a Arewa, na rancen dala miliyan 700 daga Bankin Duniya. Ina ganin ya dace a yanke wani kaso sananne daga asusun, a keɓe shi ga bincike mai dogon zango a jami'o'inmu, irin wanda Cibiyar Noma a Busassun Yankuna ta Jami'ar Bayero take yi, sannan TETFund, hukumar da ke tallafa wa manyan makarantu da kuɗi, ta riƙa ba da tallafin da zai kai shekara goma. Gwamnatocin jihohi kuwa su fara da abu mai sauƙi: su mayar da ma'aunin ruwa kowace ƙaramar hukuma, su biya mai rubutawa, a kuma karanta sakamakon da Hausa a rediyo kafin faɗuwar damina.

Naka,
Wani tsohon malamin gona,
Haɗejiya, Jihar Jigawa.