Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga bankin da ya ba ni katin bashi

Ranka ya daɗe Manaja,

Bayan gaisuwa. Ni ma'aikaciyar jinya ce a Kano, kuma shekara tara ke nan albashina yana shiga bankinku. Sau uku ina zuwa reshenku kan wannan magana, kullum sai a ce in dawo, shi ya sa na rubuto a fili.

Na karɓi katinku na bashi a ƙarshen 2023, lokacin da Inna ta kwanta asibiti. An cire tallafin man fetur a watan Mayun shekarar, komai ya yi tashin gwauron zabi, albashi ba ya kai tsakiyar wata. Ban so taɓa abin da ke da kuɗin ruwa ba, Allah ne shaida, lalura ce ta kai ni. Na ci naira 300,000.

Kowane wata kuna cire abin da kuke kira mafi ƙarancin biya, ni kuma ina ɗauka bashi na raguwa. Sai da na zauna da takardun wata goma sha biyu da biro a hannu na gane cewa kaso mai tsoka na abin da ake cira kuɗin ruwa yake tafiya, uwar kuɗin kuwa da ƙyar take motsi. Babu wanda ya zaunar da ni ya yi mini wannan bayani ranar da na sa hannu. Duk da haka ban yi gardama ba. Na ajiye katin a ƙasan akwati, na shiga adashi da abokan aikina, na haƙura da ɗinkin Sallah.

Ranar da na kwashi adashi, daga asibiti na wuce reshenku da kayan aiki a jikina. Na ce wa ma'aikacinku, "Ɗan'uwa, nawa zan biya a rufe katin nan gaba ɗaya?" Ya duba kwamfuta, ya rubuta mini 187,400 a bayan takardar ajiya. Na biya nan take. Takardar tana nan a wurina, da rubutun hannunsa. A daren nan na yi barcin da na daɗe ban yi irinsa ba.

Bayan wata uku, ina bakin aiki, saƙo ya shigo wayata: an cire naira 11,650 daga asusuna na wani bankin daban, inda nake tara kuɗin makarantar yara. Da na zo, aka ce wai kuɗin ruwan kwanakin da ke tsakanin fitowar lissafi da ranar da na biya ne ya rage, sai tarar jinkiri ta hau kansa. To me ya hana a faɗa mini a ranar, kuɗi na hannuna? Wata uku babu kira, babu saƙo.

Na san Babban Bankin Najeriya ya fito da tsarin GSI a 2020, wanda ya ba ku damar bin lambar BVN ku ɗebi kuɗi a asusun wanda ya ƙi biyan bashi. Amma ƙa'idar ta ce uwar kuɗi da kuɗin ruwa kawai ake ɗiba ta wannan hanya, ban da tara, kuma sai an rasa wata mafita. Ni ban ƙi biya ba, da ƙafata na zo.

Ina neman ku ba ni cikakken lissafin katin a rubuce, ku mayar mini da tarar da kuka cira, ku ba ni takardar shaidar cewa ba kwa bina ko kwabo. In kuma kun kai sunana hukumomin da ke ajiye tarihin masu cin bashi a matsayin wadda ta gaza biya, ku gyara, domin mutuncina ne.

Zan jira mako biyu. Idan ban ji daga gare ku ba, zan kai takarduna sashen kare haƙƙin abokan hulɗa na Babban Banki.

Taku,
Ma'aikaciyar jinya, Kano